Garejin da Ya Tayar da Impala ta 1964 a Birnin Kebbi: Inda Ya Ƙware da Inda Ya Gaza

Garejin gyaran mota ba abin nema ba ne a Birnin Kebbi, domin daga Badariya har zuwa bakin gari da wuya mutum ya yi 'yar tafiya bai ga inda aka buɗe bakin wata Toyota ko Honda ana aiki ba. Abin da ke da wuyar samu shi ne bakaniken da zai yarda ya sa hannu a motar Amurka da ta haura shekara 60, kuma ya san abin da yake taɓawa. Akwai gareji guda a wajen gari, ta ɓangaren hanyar da ta nufi Kalgo da Jega, wanda ba shi da allo ko ofis sai rumfar kwano da inuwar dogon yaro, kuma mai shi dattijo ne da kowa ke kira Baba. A can aka tayar da tsohuwar motar gidanmu, kuma hukuncina a kan aikin ya kasu biyu: a ɓangaren inji da birki da giya ban san wanda zan haɗa shi da shi ba a wannan yanki, amma a ɓangaren bodi da fenti da cika alkawarin lokaci, duk wanda ya miƙa motarsa ya juya baya zai yi da-na-sani.

Motar Chevrolet Impala ce ƙirar 1964 mai ƙofa huɗu, ta kawuna marigayi, wanda ya yi fataucin shinkafa da busasshen kifi zuwa Kudu, kuma a can ya saye ta a hannun wanda ya fara hawanta. Ya saye ta ne bayan Najeriya ta sauya hannun tuƙi a ranar 2 ga Afrilu 1972, kuma wannan ba ƙaramin dalili ba ne. Kafin ranar ana tuƙi ne a hannun hagu irin na Ingila, don haka direban motar Amurka, wadda sitiyarinta ke hagu, yana zaune ne ta gefen daji, ba ya ganin abin da ke tahowa idan zai wuce babbar mota sai ya dogara da wanda ke zaune kusa da shi. Da aka koma hannun dama sai motocin Amurka suka zama su ne daidai da hanya. Sai dai zamaninsu bai daɗe ba, domin a 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, 504 ta zama motar gwamnati da ta 'yan kasuwa, kayan gyaranta suka cika kowace kasuwa, na motocin Amurka kuwa suka riƙa ƙaranci har masu su suka gaji. A Amurkar ma rikicin man fetur na 1973 ya karya kasuwar dogayen motoci, har kamfanin General Motors, mai ƙera Chevrolet, ya rage tsawo da nauyin manyan motocinsa a 1977. Impalar kawu ta shiga rumfa tun kafin a cire jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, kuma ba ta sake fita ba sai da aka ɗora ta a bayan wata mota aka kai wa Baba.

Abu na farko da ya sa na natsu da garejin shi ne abin da Baba ya ƙi yi. Bai nemi batir ya gwada tayar da ita ba, alhali hakan ne yaran da suka taru a kanta ke ɗokin gani. Ya cire fulogi takwas ɗin, ya zuba mai a kowane silinda, ya ce a bar ta ta jiƙa, sannan daga baya ya riƙa juya injin da hannu ta wajen fulawil, kaɗan-kaɗan, har ya tabbatar babu fistin da ya liƙe. Injin da ya daɗe a ajiye, idan aka tilasta masa da kik, ringin da tsatsa ta kama yana iya karyewa ya karce bangon silinda, aikin mako ya koma na wata da watanni. Na gaya masa cewa wasu sun ba ni shawarar a cire injin gaba ɗaya a sa na Toyota domin a huta da neman kaya. Ya ce, “Alhaji, in ka fidda mata wanga inji, gara ka kira masu sayen gwangwan, don abin da zai rage bodi ne kawai.” Na ce, “To Baba, kayan fa?” Ya ce kayan wannan inji sun fi na wasu motocin da aka ƙera shekara 20 da suka wuce sauƙin samu, matuƙar akwai haƙuri da dala. Sauya injin ba baƙon abu ba ne, domin a Kuba, inda takunkumin Amurka ya hana shigar kayan gyara tun farkon shekarun 1960, da yawa daga tsoffin motocin da ke yawo a Havana injin dizal na wasu ƙasashe ne a cikinsu. Su dole ce ta sa su, mu kuwa babu abin da ya hana mu sayen kayan.

Maganar Baba tana da tushe. Injin V8 ne mai girman inci 283 a ma'aunin Amurka, wato kusan lita 4.6, wanda kamfanin ya ce yana ba da ƙarfin doki 195. Yana cikin dangin injin da Chevrolet ya fara fitarwa a 1955, dangin da aka ƙera fiye da miliyan 100 daga cikinsa zuwa 2011, kuma saboda wannan yawan har gobe akwai masana'antun da ke yin ringi da gasket da famfon ruwa da famfon mai nasa sababbi fil. Ginin injin ba shi da ɓoye-ɓoye. Zubin baƙin ƙarfe ne sama da ƙasa, kamshaf ɗaya ne a tsakiya yana tura bawul 16 ta hanyar sanduna, sarƙa ce ke juya shi ba bel ba, kuma babu kwamfuta ko na'urar da za ta kunna fitilar gargaɗi ta hana mota tashi. Kafireta ce mai maƙogwaro biyu ke haɗa mai da iska, kwantak kuma ke raba wuta. Baba yana jera wayoyin fulogi yana faɗin tsarin da ka, 1, 8, 4, 3, 6, 5, 7, 2, ba tare da ya duba wata takarda ba, kuma da kunne ya saita kafiretar har injin ya riƙa numfashi a hankali ba ya girgiza.

Wani abin da ya bambanta wannan gareji shi ne akwatin ƙarfe da Baba ke kullewa da kwaɗo, wanda a ciki yake ajiye sifanu masu ma'aunin inci. Duk notin da ke jikin wannan mota da inci aka yi shi, rabin inci, tara bisa sha shida, biyar bisa takwas, alhali garejojin yanzu da milimita suke aiki. Sifana mai lamba 13 tana kusa da rabin inci, mai lamba 14 tana kusa da tara bisa sha shida, kuma wannan kusancin shi ne masifar, domin ɗaya tana shiga da ɗan sako-sako har ta cinye kan noti, ɗayar kuma sai an buga ta da guduma. Baba ya koyi aiki a zamanin manyan motocin Bedford da Land Rover, waɗanda su ma da inci aka ɗaure su, kuma tun lokacin yake riƙe da kayan aikinsa. Na duba injin bayan an gama ban ga kan noti ko ɗaya da aka lalata ba.

Aikin da aka yi wa injin ya haɗa da sauya ringi da metal da gasket da sarƙa, amma abin da ya fi nuna sani shi ne batun mazaunin bawul. An ƙera wannan inji ne a lokacin da ake zuba dalma a cikin fetur, kuma dalmar nan tana kwanciya a inda bawul ɗin hayaƙi ke dukan kan inji, tana hana wurin cinyewa. An daina sayar da irin wannan fetur saboda gubarsa, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar a 2021 cewa babu sauran ƙasar da ke sayar da shi ga motoci. Baba ya cire kawunan injin biyu ya aika da su Kano aka dasa musu mazauni mai tauri, ya kuma yi mini bayanin dalili tun kafin in tambaya. Haka kuma ya yi la'akari da zafin garinmu, inda a watannin Maris da Afrilu ake haura digiri 40. Ya sa aka sake wa lagireto ciki, ya ƙera wa fanka murfi domin ta riƙa jawo iska ta cikin lagireton maimakon ta gefe, ya nisanta bututun fetur daga salansa domin kada zafi ya mayar da man tururi mota ta mutu a tsakiyar hanya. Ya kuma ƙi cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, alhali cire shi ya zama al'ada a wajen bakanikenmu da zarar mota ta shigo ƙasar. A cewarsa injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa yana shan mai fiye da ƙima, yana kuma ci da wuri.

Wuri ɗaya kawai ya yarda a kauce wa yadda kamfani ya yi motar, shi ne birki. Impala ta 1964 birkin ganga ne a duk ƙafafunta huɗu, kuma tukunyar man birkinta layi ɗaya gare ta, ma'ana idan bututu ɗaya ya fashe a ko'ina, duk birkin ya tafi a lokaci guda. Sai daga 1967 yawancin motocin Amurka suka koma tukunya mai layi biyu, gaba daban, baya daban. Baba ya sa mata irin wannan, ya sauya dukkan bututun da robobin, ya ce ba zai bar motar da ta haura tan ɗaya da rabi ta fita daga hannunsa tana dogaro da bututu ɗaya ba. Na yaba wannan ƙwarai. Duk da haka, wanda ya saba da birkin motocin yanzu dole ya sake koyon taka wannan, domin birkin ganga yana rage kamawa idan ya yi zafi, yana kuma ja gefe idan ya sha ruwa, kuma tazarar da motar ke buƙata kafin ta tsaya ta fi wadda ƙafa ta saba da ita nesa ba kusa ba.

A nan ne kuma na saɓa da Baba. Shi da dattawan da ke zama a garejin sun yi imani cewa ƙarfen da ya fi na yanzu, saboda haka tsohuwar mota ta fi kare rai, kuma sukan ƙwanƙwasa ƙofar Impalar su ce a ji bambanci. Kaurin ƙarfen gaskiya ne, amma kariyar ba haka take ba. Daga 1958 zuwa 1964 manyan motocin Chevrolet suna zaune ne a kan casis mai siffar harafin X, wanda ya tsuke a tsakiya, babu dogon ƙarfe a gefen da fasinja ke zaune. Sandar sitiyarin ba ta lanƙwashewa idan an yi karo, dashbod ɗin ƙarfe ne, kuma babu jakar iska. A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora a Amurka ta gwara Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba, inda ɗakin direban tsohuwar ya murƙushe, na sabuwar kuwa ya tsaya kusan yadda yake. Motar zamani an tsara gabanta ya lotse domin ya shanye bugun, tsohuwar kuwa bugun yana isa ga mutanen ciki. Sai da na nace kafin aka ɗaura mata bel a kujerun gaba da baya, kuma ina ganin garejin da ke tayar da irin waɗannan motoci ya kamata shi ne zai fara kawo wannan shawara.

Giyar ba ta ba da wahala ba. Powerglide ce, giya mai sarrafa kanta wadda Chevrolet ya yi amfani da ita daga 1950 zuwa 1973, kuma hawa biyu kacal gare ta. Hannun giyar yana jikin sitiyari. An sauya mata mai da robobin da suka bushe, an kuma sauya boris ɗin da ke riƙe tsakiyar farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, wadda a wannan mota gida biyu ce tana ratsa tsakiyar casis, kuma Baba ya ce wannan boris shi ne abin da ya fi yawan kawo ƙara da girgiza a motocin waɗannan shekaru.

Mun gwada ta a hanyar Argungu, kuma a nan ne mutum ke gane dalilin da ya sa waɗanda suka hau irin waɗannan motoci ba sa mantawa da su. Injin ba ya ihu. Yana ja ne daga ƙasa da wata murya mai kauri, giyar ta sauya sau ɗaya tak, daga nan sai tafiya. Sifirin mai murɗi ne a duk ƙafafun huɗu, kuma an yi shi da taushi, don haka motar tana hawa tana sauka a hankali kamar jirgin ruwa a kogin Yauri idan iska ta kwanta, ramukan da ke sa ƙaramar mota ƙara kuwa sai dai a ji su daga nesa. Wannan taushin yana da farashi, domin a kwana motar tana kwantawa gefe, sitiyarin kuma yana da sauƙin juyawa amma ba ya gaya wa hannu abin da tayoyi ke yi, sai an riƙa gyara shi kaɗan-kaɗan ko a miƙaƙƙiyar hanya. An yi ta ne domin manyan titunan da Amurka ta fara shimfiɗawa bayan dokar 1956 a zamanin Shugaba Eisenhower, ba domin lungunan tsohon gari ba. Tsawonta ya haura mita 5.3, faɗinta ya kusa mita 2, kuma bayanta ya zarce tayoyin baya da nisa, har yakan goga ƙasa wajen hawa kwalbati ko shiga gidan mai. Juya ta a cikin kasuwa tsakanin babura da Keke Napep aiki ne na mai haƙuri.

Cikinta kuwa darasi ne ga wanda bai taɓa shiga ba. Kujerar gaba doguwa ce daga ƙofa zuwa ƙofa, mutum uku a gaba, uku a baya, kowa da babbar riga ba tare da an takura ba. Maɓallin ƙara hasken fitila yana ƙasa, ana taka shi da ƙafar hagu, birkin ajiye mota ma da ƙafa ake taka shi. Agogon gudu shimfiɗaɗɗe ne a kwance, yana ƙirga mil har 120, don haka idan allura ta nuna 60 mutum yana gudun kusan kilomita 96 ne, abin da ya kamata direban da ya saba da kilomita ya riƙe a ransa. Wannan ba ta zo da na'urar sanyaya ciki ba, domin a lokacin sai wanda ya ƙara kuɗi ake sa wa, amma tana da ƙananan gilasai masu kusurwa uku a ƙofofin gaba waɗanda idan aka karkata su suna turo iska kai tsaye zuwa ƙirji. A baya akwai fitilu uku-uku a kowane gefe, kuma da su ake gane Impala da dare, domin ƙannenta Bel Air da Biscayne biyu-biyu gare su. Baba ya gyara duk waɗannan suna aiki, har da zoben ƙarfen da ke cikin sitiyari wanda ake dannawa a yi oda.

Garejin yana da wani abin da ba a biya masa kuɗi, wato dattawan da ke taruwa bayan la'asar. Tun da Impalar ta iso suka ƙaru, kuma kowa da motar da yake tunawa. Wani tsohon direba yana ba da labarin Pontiac da ya tuƙa wa wani attajiri, wani yana rantsuwa cewa babu abin da ya kai Buick mai ƙananan ramuka a gefen gaba kyau, wani kuma ya ce ya taɓa ganin Cadillac mai fikafikai a Kaduna, mutane suna bin ta da kallo har ta ɓace. Sukan cakuɗa shekaru, Baba yana gyara musu ba tare da ya ɗago daga aikinsa ba. Fikafikan nan sun fara ne a Cadillac ta 1948 a ƙarƙashin Harley Earl, shugaban masu zanen motocin General Motors, kuma daga wutsiyar jirgin yaƙi samfurin P-38 aka ɗauko siffar. Sun kai ƙarshen tsayinsu a Cadillac ta 1959, daga nan aka fara rage su, shi ya sa Impala ta 1964 ta fito a miƙe, mai kusurwa, ba fiffike ko ɗaya. Wasu daga cikin sunayen da dattawan ke ambata ba sa nan yanzu, domin an rufe Oldsmobile a 2004, Pontiac a 2010, ita kanta Impala an daina ƙera ta a 2020. Hirar tana da daɗi, sai dai tana cin lokacin aiki, kuma na sha zuwa in tarar an ajiye sifana ana gardamar ko Marsandi ta fi Cadillac daraja.

Aikin bodi shi ne babban rauni. Baba ba ya yin sa da kansa, yana miƙa wa wani mai gyaran bodi da ke maƙwabtaka da shi, kuma ba ya sa ido a kansa yadda yake sa wa a kan inji. Ƙasan ƙofofin baya da wurin ajiye taya sun ci tsatsa, kuma maimakon a yanke ruɓaɓɓen a walda sabon ƙarfe ko'ina, an yi hakan a wasu wurare, an cike sauran da fila mai kauri, wanda duk wanda ya ɗora maganaɗisu zai gane. An yi fentin a fili cikin hunturu, ƙura ta kwanta a kansa tun bai bushe ba, har idan aka shafa bonet ana jin tsakuwa-tsakuwa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kayan adon ƙarfe masu ƙyalli da ke gefe da baya. Yara ne suka ɓamɓare su da sukundireba, suka karya maƙalansu, suka lanƙwasa guda, kuma tambarin barewar da ke gefe ɗaya ya ɓata ba a san inda ya shiga ba. Kayan inji ana samun sababbi, amma irin wannan ado yana da tsada da wuyar kawowa lafiya. Bambar gaba kuma, da yake babu inda ake sabunta ƙyallinta a garin, an so a fesa mata fentin azurfa, sai da na hana. Mai rewaya da aka kira shi ma ya yanke wasu tsoffin wayoyi ya haɗa da salatif, sai da Baba ya gani ya sa aka sake.

Batun lokaci ma sai haƙuri. An yi mini alkawarin ƙaramar Sallah, babbar Sallah ta zo ta wuce motar tana rumfa. Wani ɓangare na jinkirin ba laifin garejin ba ne, domin abin da ba a samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas ba, sai an yi odarsa daga Amurka ta intanet, a jira jirgi, a jira kwastan. Amma wani ɓangaren sakaci ne. An taɓa yin odar robobin ƙafar gaba ba tare da an tantance shekara ba, aka kawo na 1965, alhali a shekarar ce Chevrolet ya sauya casis da bodin motar gaba ɗaya, kayan ba sa shiga na 1964. Kuɗin da lokacin duk a kaina suka faɗa. Babu rasit, babu rubutaccen lissafi, komai yana cikin kan Baba. Ban kama shi da cin ko kwabo ba, hasali ma duk abin da ya cire ya tara mini a buhu ya ce in duba, kuma kuɗin hannunsa bai kai ƙimar aikin ba, kayan da aka sayo da dala su suka cinye mafi yawan abin da aka kashe. Amma aikin da ya ɗauki watanni ana biya kashi-kashi yana buƙatar littafi, ko don a kauce wa zargi tsakanin mutanen da ke ganin girman juna.

Wanda ke tunanin tayar da irin wannan mota ya yi lissafin mai tun kafin ya fara. Tankinta yana cin galan 20 na Amurka, kusan lita 76, kuma a hannuna lita ɗaya ba ta wuce kilomita biyar zuwa shida, a cikin gari ma ba ta kai haka. An ƙera ta a lokacin da galan ɗaya a Amurka yake wajen santi 30, kuma babu wanda ya damu da abin da take sha. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, cika wannan tanki ya zama shawarar da ake yi da iyali. Baba bai ɓoye mini wannan ba, ya ce, “Wagga mota ta Sallah ce da ɗaukar amarya, ba ta zuwa ofis ba.” Na yarda da shi, na ƙara da zuwa Argungu lokacin bikin kamun kifi, inda hanya ke da faɗi kuma akwai masu kallon da suka san abin da suke gani.

Ga wanda ke da tsohuwar motar Amurka a rumfa, ko a Birnin Kebbi ko Jega ko Argungu, ina ba da shawarar ya kai wa wannan gareji aikin inji da giya da birki ba tare da fargaba ba, amma ya cire kayan adon da hannunsa ya adana a gida kafin motar ta fita, ya rubuta lambar casis da ta inji ya ba duk wanda zai yi odar kaya, ya buɗe littafin lissafi tun ranar farko, ya kuma nemi wurin fenti mai rufaffen ɗaki ko da zai kai ta Sakkwato ko Kano. Ya kuma hanzarta, domin daga cikin yaran garejin ɗaya ne kawai na ga yana tsayawa kusa idan Baba na saita kafireta da kwantak, sauran hankalinsu yana kan na'urar da ake jona wa motocin zamani ta faɗi ciwonsu, kuma ba zan zarge su ba tun da can ne abincinsu yake. Takardun motar ba sa cikin aikin garejin, kuma da yake har yanzu tsohuwar lambar jihar Sakkwato ce a jikinta, wannan shi ne abin da ya rage mini kafin in sake fitar da ita babban titi. Fentin kuwa za a kankare shi a sake bayan damina.